Makullin Ƙofar Baya

A ƙananan asibitocin Kiru da Tudun Wada da Doguwa babu wanda bai san Malam Muhuyi ba: dogo, siriri, dunduniyar takalminsa kullum a cinye. Iyayensa na cikin waɗanda ruwan madatsar Tiga ya tasa, yana ɗan shekara shida aka ɗora shi kan kaya a bayan akori-kura. 'Yan'uwansa suka kama noman rani, shi kuwa ya bi makarantar kiwon lafiya. Ya yi allura, ya yi rigakafi, daga baya aka ba shi aikin da kowa ke gudu, wato koya wa ma'aikata yadda za su binciki shirin ko-ta-kwana na asibitinsu, takardar nan da ke faɗin abin da za a yi in gobara ta tashi ko ruwa ya shigo.

Ma'aikata ba sa murnar ganinsa, kuma da gaskiyarsu. Wasu masu horarwar a zaune suke gama komai, a sha lemo a sa hannu a watse. Shi da an miƙa masa takarda sai ya kife ta a tebur ya ce, "Ku tashi mu taka." In an rubuta akwai bokitin yashi, sai an kai shi ya zura hannu. In an rubuta lambar direba, sai an kira a gabansa, sau da yawa a tarar mai lambar ya yi ritaya tun bara waccan. Ranar Juma'a yake rufe horo: ya bar wa mata takardar bincike, ya bi maza masallaci, domin a ga yadda asibiti yake in maza ba sa nan.

Akwai dalilin Juma'ar nan, amma ko matarsa bai taɓa gaya wa ba. Shekara ashirin da biyu da suka wuce ya binciki wani asibiti, ya ga kwaɗo a ƙofar baya ta ɗakin haihuwa. Aka ce makullin na wurin baba mai gadi. Dattijon sa'an mahaifinsa ne, makullin nan kuma shi ne duk girmansa a gidan. Muhuyi ya ji nauyi, ya sa hannu ya tafi. Bayan mako uku, ana tsakiyar huɗuba, mai gadi na masallaci da makullin, firijin rigakafi mai kananzir ya kama da wuta a barandar gaba. Wata Larai da ta haihu da safiyar ranar ta zura jaririyarta ta tsakanin ƙarafan taga. Kafin a ɓalle ƙofar da gatari hayaƙi ya gama da Larai. Kowa ya ce ƙaddara, shi ma ya ce ƙaddara, amma ya san ya ga kwaɗon.

Saura wata biyu ya ajiye aiki aka tura shi wani asibiti a wajen Falgore. Cikin waɗanda ya horar akwai Salamatu ungozoma, mace mai kai, wadda ya fi sa wa rai. Da ya dawo daga masallaci ya karɓi takardarta, ya ga ta rubuta ƙofar baya tana buɗuwa. Ya zagaya ya duba. Kwaɗo ne a garƙame, har gizo-gizo ya yi saƙa a kansa. Ya koma wurinta.

"Malama Salamatu, kin buɗe ta?"

Ta sunkuyar da kai. "Malam, makullin na aljihun Baba Gwadabe mai gadi. Aminin mahaifina ne, shi ya yi mini walicci. Da wane baki zan ce ya ajiye? Sai ya ga kamar an ce ya tsufa."

Bai yi mata faɗa ba, don ba shi da bakin yi. Ya zauna a kan benci ya ba ta labarin Larai, bai rage komai ba, har da sa hannunsa. Sannan ya ce, "Ni ba zan karɓa miki ba, jibi ba na nan. Ke za ki tambaya. Zan dai tsaya a bayanki."

Suka sami Baba Gwadabe a gindin darbejiya yana ninke sallaya. Salamatu ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi gida, ta tambayi masara, ta sake tambayar gida. Muhuyi ya yi gyaran murya. Sai ta ce, "Baba, don Allah a yi haƙuri. Makullin ƙofar baya ne. Ana so ya riƙa zama a ɗakin haihuwa."

Tsohon ya dube ta. Sai ya cusa hannu a aljihun 'yar ciki ya kwance makullin daga igiya.

"Salame, Allah ya yi miki albarka. Shekara goma sha tara, kowace Juma'a ina sahu hankalina na kan ƙofar nan. Liman na addu'a ni ina roƙon kada wani abu ya tashi kafin in dawo. Na so in kawo da kaina, na ji tsoron a ce na raina amanar da aka ba ni. Da an tambaye ni tun ranar farko, wallahi da na bayar."

Salamatu ta karɓa da hannu biyu, ta nufi ƙofar da sauri. Muhuyi ya kasa bin ta. Shekara ashirin da biyu yana lallashin kansa da cewa wancan dattijon ba zai taɓa bayarwa ba, ko da ya tambaya. Ya dafa darbejiyar ya zauna a ƙasa, hawaye na bin gemunsa.

"Malam, lafiya?" in ji Baba Gwadabe.

"Baba, ni ban tambaya ba."