Sandunan Baffa Rasim

Da an idar da sallar asuba, Baffa Rasim zai saɓa laujensa da damin sandunan katako ya hau tudun tsohuwar maƙabartar garinmu. Shekara goma sha tara ke nan yana wannan hawa, tun da ya bar aikin jirgin ƙasa a birnin Zenica.

Maƙabartar tana hannun hukuma, wai kayan tarihi ce. Sun kafa allo, sun hana a taɓa ko dutse ɗaya sai da izini, ba su sake leƙowa ba. Duwatsun kaburbura kuwa duk bayan narkewar ƙanƙara sai su ƙara karkata. Na kakarsa Zumra ne ya fara. Ya nemi izinin miƙe shi, aka ce ya jira masani. Har yau muna jiran masanin nan.

Sai Baffa ya tokare dutsen da sanda, ya tokare na kusa da shi, ya ci gaba. Ina shan gahawa a bakin ƙofar gidansa ranar da wani jami'i ya zo da takarda.

"Dattijo, ba ka karanta allo ba?"

"Na karanta, ɗana. Dutse aka ce. Ni sanda na taɓa. Ko ita ma ta tarihi ce?"

Matarsa Inna Ɗulsa ta leƙo ta katanga. "Ku tafi da shi, ranka ya daɗe! Har sandunan wakena ya kwashe."

Baffa, kai ne ka yi ta zarya ofis kana cewa a bar wa jama'ar unguwa matattunsu. Sau bakwai aka canza maka tebur. Kai ne ka riƙe sunayen da gansakuka ta cinye a jikin duwatsun.

A watan jiya aka miƙa mana maƙabartar. Babban jami'i ya yi jawabi cewa a ƙarƙashin kulawarsu ko dutse ɗaya bai faɗi ba. Har tafi aka yi masa! Baffa ya duƙa ya gyara wata sanda.

Mun gode, Baffa Rasim. Izini ya iso bayan bayanka ya daina miƙewa.

Ku kuma 'yan unguwa, yanzu babu hukumar da za mu zaga. Sanda ɗari biyu da sha huɗu ne a tudun nan, da yawa sun ruɓe. Asabar ku zo da shebur da igiya. Da miƙe dutsen Zumra za mu fara.