Kawu Tela da Jif Mai Tsalle

Kawuna tela ne, ƙanin mahaifiyata. Shekara talatin da ɗoriya ya yi a shago ɗaya, mai keken ɗinki uku da wani dogon madubi da ya tsage ta gefe. Tef ɗin awo ba ya barin wuyansa ko da zai ci abinci. Mutum ne da ya yarda babu abin da ya gagari gyara: riga in ta matse a buɗa ta, in ta yi yawa a rage. Haka ya ɗauki duniya ma.

Bai taɓa mallakar mota ba sai da 'yarsa ta fari ta koma wata gona da mijinta, can gaba da inda kwalta ta ƙare. Hanyar gonar tafiyar awa guda ce in an yi sa'a: ramuka, duwatsu, sai wani dogon wuri mai gargada kamar haƙarƙarin ramammiyar saniya. Motocin haya ba sa zuwa. Da Kawu ya ji wani kamfanin gina hanyoyi zai sayar da tsofaffin motocinsa, sai ya je ya dawo da wata farar jif, doguwa, wadda sai an taka ƙarfe ake hawanta. Wata guda ya yi yana koyon tuƙi, ya karɓi lasisi, ya ce shi ya gama ƙwarewa.

Tafiyar farko da ni aka yi. Kawu ya sa ni a gaba, ya buɗe wa matarsa, wadda dukkanmu muke kira Inna, ƙofar baya da ladabi.

"Manya a baya suke zama," in ji shi. "Ki miƙe ƙafa abinki."

Inna ta zauna da kular abinci a cinya. Muna sauka daga kwalta jif ɗin ta fara halinta. Gaba ya faɗa rami, baya ya yi sama. Na ji ƙum, na waiwaya, na ga Inna dafe da kai, ɗankwali ya koma kan hanci, miya tana bin gefen zane.

"Maigida, tsaya in tambaye ka. Wannan mota ce ko turmi?"

"Ƙarfi ne da ita," in ji Kawu, idonsa a kan hanya. "Ƙaramar mota da tuni ta watse a nan."

"Ita ba ta watse ba, ni na watse."

Kwana uku Inna ta yi ana gasa mata baya da ruwan zafi. Ta rantse ba za ta sake shiga ba, ko da jikanta zai zo duniya a gonar. Wannan maganar ta sa Kawu ya shiga taitayinsa, domin 'yar tasu tana da ciki wata uku.

Ya fara da abin da ya iya. Ya auna kujerar baya, ya yanko soso mai kaurin taƙi guda, ya ɗinka masa riga mai furanni har da leshi a baki. Kujera ta yi kyau kamar gadon amarya. Abin da bai auna ba shi ne tsakanin kan mutum da rufin mota. Ni aka sa gwaji. A ramin farko na gane cewa soson ya ƙara matso da ni kusa da ƙarfen ne kawai, ya kuma ƙara mini ƙarfin tashi.

Sai wani mai kawo masa ɗinki ya ce nauyi motar take so. Kawu ya sa aka loda buhun yashi huɗu a but. Gaskiya tsallen ya ragu. Amma babu wurin ajiye kaya, kuma buhu ɗaya ya fashe, har yau in ka buɗe ƙofar baya sai ka ji yashi a haƙori.

Daga nan ya haƙura ya je gareji. Bakaniken unguwarmu dattijo ne da ake kira Sannu-Sannu, don ba ya gaggawar magana balle aiki. Ya zagaya motar sau biyu, ya danna bayanta da hannu, ya saki, ya tsaya yana kallo tana lilo ita kaɗai. Sannan ya shiga ƙarƙashi ya daɗe.

"Tela, ka san abin da ka saya?" in ji shi da ya fito. "Jikinta ne na jif. Ƙashinta na motar ɗaukar siminti ne. Sifirin ɗin baya an yi shi don kaya, kai kuma ka ɗora masa mace ɗaya da kula."

"To a rage shi mana, kamar yadda ake rage wando."

"Za mu zo kan wannan. Wa yake sa maka iska a taya?"

"Ni da kaina nake tsayawa a kan mai faci. Ga lambar nan a jikin tayar, ita nake sa ya cika."

Sannu-Sannu ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya yi dariya har da tari. Ya ce wannan lambar iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da ake tafiya da shi ba. Ya buɗe ƙofar direba ya nuna masa wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙarfe, mai ɗauke da lambar gaskiya. Kawu, mutumin da ya yi rayuwarsa a kan awo, ya sa tabarau ya karanta.

"Kar ka gaya wa Inna," ya ce mini a hankali.

Aka rage iska. Aka cire shokabzoba huɗun, waɗanda mansu ya tsiyaye tun zamanin kamfani, aka sa sababbi masu laushi. Sifirin kuwa bakanike ya ƙi ya taɓa shi yadda Kawu yake so. Ya ce in aka zare falle ɗaya da ka, ranar da aka cika motar da mutane za ta zauna a ƙasa. Sai ya nemo wani mai sauƙi wanda aka yi don irin motar, ya wanke, ya shafa gris, ya ɗaura. Aikin kwana biyu ya ci mako uku.

Da ƙyar aka lallashi Inna ta sake gwadawa, da sharaɗin a gaba za ta zauna. Ni na koma baya. Motar ta canza ƙwarai, har ana iya hira ba a ciji harshe ba. Kawu yana ta kumbura. Da muka isa, Inna ta sauko, ta gyara mayafi.

"Mota ta warke," ta ce. "Saura direba."

"Me direban ya yi?"

"Kana tuƙi kamar kana taka keken ɗinki, ƙafarka ba ta ɗagawa. Ka hango rami tun daga nesa ba za ka rage ba, sai ka faɗa ciki sannan ka danna birki. Kuma duk ramin da ke hanyar nan sai ka gaisa da shi."

Kawu ya ce wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba ba shi da bakin magana. Inna ta ce ta ji.

Ashe ramukan ba ganinsu yake yi sosai ba. Bayan 'yan makonni ya ɗinka wa wani hannun riga a bai-bai, karo na farko a rayuwarsa, aka kai shi asibiti, likita ya ce yanar ido ce ta kama ido biyun, sai an yi aiki ɗaya bayan ɗaya, kuma ba tuƙi sai an ga hali. Haihuwa saura wata uku.

Maƙwabciyarsu direbar motar 'yan makaranta ce. Inna ta same ta ta katanga suka gama magana. Kullum da hantsi, in an kai yara, sai su ɗauki jif su tafi filin ƙwallo. Inna tana da shekara hamsin da takwas, gajera ce, ƙafarta ba ta kai totur sosai. Kawu ya yi fushin kwana biyu. A na uku ya fito da tef, ido ɗaya a rufe da auduga, ya auna daga bayanta zuwa kujera, ya ɗinka mata matashin jingina daidai ita. A gwajin lasisi sau ɗaya ta faɗi, wajen ja da baya. Ta koma ta ci.

Ranar da aka sallami mai jego daga asibiti, Inna ce ta mai da ita gona da jaririyarta. Ta sa ƙaramar giya, tana bin gefen ramuka, tana sakin birki kafin taya ta sauka. Awa ɗaya da rabi muka yi. Kawu yana gefe yana cewa, "Dama, dama, ke, hagu nake nufi," ita kuwa ko kallonsa ba ta yi. Mai jego ta ce ba ta ji ciwo ba ko sau ɗaya.

Idon Kawu ya warke sarai, yana zura zare a allura ba tabarau. Amma makullin jif yana cikin jakar Inna, kuma bai taɓa tambaya ba. In mutane suka tsokane shi a shago, sai ya ce ai shi ya horar da ita, kuma babban mutum ba ya tuƙa kansa. Duk ranar Asabar za ka gan su sun nufi gona, ita a sitiyari, shi a gefe rungume da ledar ƙananan rigunan da ya ɗinka wa jika, kowacce ta fi yarinyar girma, don ya ce yara ba sa jiran tela.