Itacen da Ban Tambaya Ba

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa na koma 'yar gonata ta Janfalan, na dasa barkono a gefen kuɓewa. Yakan nuna tun ruwa bai ɗauke ba, lokacin da ranar shanya take wuya. Saboda haka uwargidana takan baza shi a kan raga bisa murhu, hayaƙi ya busar da shi, sannan ta daka da citta da kanumfari da gishiri.

Ni mutum ne mai son tsari. Na zauna da littafi na rubuta tazarar raga da wuta, da yawan kwanaki, da ma'aunin kowane haɗi. Ta yi dariya ta ce, "Malam, har yajin ma sai ka ba shi maki?"

Bayan rasuwarta, Allah Ya jiƙanta, na bi rubutuna layi-layi. Yajin ya fito da ɗaci, domin da itacen darbejiya na hura wutar. Ashe ban taɓa tambayarta wane ice take ɗaukowa daga bayan ɗaki ba. Na gwada tsamiya, na gwada ɗorawa, har da mangwaro. Ƙanwarta takan ɗanɗana ta girgiza kai, ta ce, "Yaya, ba shi ba ne. Ni ma ban sani ba."

Kwalba guda ta rage daga dakan marigayiyar, ita ma ta kusa rabi. Bana ma barkonon ya nuna, yana nan cikin kwando, ban san da wane ice zan hura wutar ba.