Muryar Kawu da Na Ƙi Karɓa

An kawo mini muryar kawuna har garin Greenbelt a Amurka, na ƙi karɓa.

Kawuna makaɗin gurmi ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana, a wani ƙauye kusa da Maraɗi. Ban yi boko ba. Abin da na tashi da shi shi ne warin fatar guza da aka shanya bisa danga, da ƙwaryar da yake ɗaura ta a kai, da yatsunsa masu kanta. Da damina fatar gurmi takan saki, sai ya kara shi kusa da murhu yana juyawa har ta ɗame.

Wata shekara bayan girbi, wani saurayi Bafaranshe ya sauka gidanmu da jita a baya. Wata uku ya yi yana cin tuwon gero tare da mu. Kawu bai bar shi ya taɓa tsirkiya ba sai da ya haɗa nasa gurmin da hannunsa. Yakan ce masa, "Ɗan Nasara, hannunka ya cika gaggawa. Wa ke korarka?" Sai Baturen ya yi dariya ya danna rikoda. Duk abin da kawu ya rera ya ɗauka.

Ka san yadda ake kallon makaɗi a wurinmu. A yi masa kari ranar biki, washegari a hana ɗansa aure. Na sha "ɗan maroƙa" har na ƙoshi. Da na zo Amurka na ce gidanmu 'yan kasuwa ne. A kan haka aka ba ni mata. Ranar da kawu ya rasu ina tuƙin taksi, ko zaman makoki ban yi ba.

Shi kuwa Baturen ya yi suna a kiɗan jaz. Ga hotonsa a tashar jirgin ƙasa ta Metro, gashinsa ya yi fari. Fasinjoji kan ce in ƙara murya in an sa shi a rediyo. Ni abin da nake ji a ciki taken da kawu ke yi wa manoma ne ranar gayya. Hannun ma ya daina gaggawa.

Da ya zo wasa Washington, ya aiko da saƙo ga ƙungiyarmu ta 'yan Nijar da ke Greenbelt, kusa da can. Shugaba ya karanta a taron Lahadi: yana da kaset-kaset na malaminsa, yana son ya danƙa wa wani na gidan hannu da hannu kafin ya koma. Ya faɗi sunan ƙauyenmu.

Wani daga baya ya ce, "To, maroƙa a tashi, Bature na kira." Aka yi dariya.

Surukina na zaune kusa da ni. Ya juyo ya ce, "Kai ba ɗan wajen ba ne? Ka san gidan?"

Na ce, "Baba, ina dai jin labarinsu."

Bayan kwana uku Baturen ya koma da kayansa. Ban sake jin ya zo ba.

Yanzu 'yata takan kunna kiɗansa a wayarta. Ta san sunansa da garin da aka haife shi. Taken yana kaina, amma muryar kawu ta ɓace mini, na yi ƙoƙarin tuno ta na kasa.

Ina Gaithersburg, ina tuƙi har yau. A gidana har yanzu mu 'yan kasuwa ne.