Askin da Baba Bai Ƙarasa Ba

Mahaifina wanzami ne, kuma a unguwarmu a Yankara ba a yi wa jariri askin suna da wata aska in ba tasa ba. Shekarar da na zo gida haihuwar fari, hannunsa na dama ya riga ya fara rawa. In ya zauna a zaure sai ka ga babban yatsa yana murza na kusa da shi kamar mai jan carbi. Takunsa ya gajarce, fuskarsa ta daskare, ko dariya ka ba shi sai dai ka gani a ido.

Lokacin kuɗin man fetur ne, samari duk sun watse. Yayana da ya kamata ya gaji zabira ya tafi Kaduna aikin masaƙa, yana aiko mana da hotonsa a kan babur. Don haka Baba ya ci gaba da sana'a.

Kowa a gidan hannun yake kallo. Inna ta shafa masa man shanu da tafarnuwa, aka kai shi Mabai wurin mai magani, aka ɗaura masa laya a damtse. Shi kuwa yana da amsarsa, kuma gaskiya ce: da zarar ya riƙe aska, rawar sai ta tsaya cak. Mutane suka gani da idonsu, hankalinsu ya kwanta.

Nawa bai kwanta ba. Ina zaune da tsohon ciki, ba ni da aiki sai kallo, na ga abin da ba su gani ba. Yana tsakiyar yi wa mutum aski, mota ta wuce ko kaza ta yi kuka, sai ya tsaya. Askar tana kan fata, idonsa yana wani wuri, har sai mai kan ya yi gyaran murya. Babba yana iya gyaran murya. Jaririn kwana bakwai fa?

Da na haihu na gaya wa Inna. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce in kama bakina, yaushe na ga ana magana a kan ɗan fari. Haka ake yi a wurinmu: ba ka kiran sunansa, ba ka nuna ka damu da shi, ko faɗuwa ya yi wani ne zai ɗaga. Na aika wa mijina ya nemo wanzami daga Faskari, ya ce da wane ido zai kalli surukinsa. Na ji haushinsa, na ji haushin Inna, na ji haushin wancan mai babur. Kwana shida kunun kanwa ba ya wuce mini, na zauna na tashi, na leƙa zaure na dawo.

Ranar suna da hantsi ungozoma ta zauna a tsakar gida da yaron a cinya, mata sun kewaye. Ni ina bakin ƙofar ɗaki, ina yi kamar ba ruwana. Baba ya jiƙa kan, ya fara daga ƙeya, hannunsa tsaf. Ya zo daidai maɗiga, inda fatar take harbawa, sai wani ya kunna rediyo a waje. Baba ya tsaya. Askar ba ta ɗaga ba.

Ban san sanda na tsallake tabarma ba. Na ture hannunsa na ɗauke ɗana a gaban kowa. Baba ya dube ni ya ce a hankali, "Ɗiyata, da kin bar mani na ƙarasa."

Shekaru da yawa bayan rasuwarsa, jikata da ta karanci likitanci ta yi mini bayani. Ta ce akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa, noradirenalin, shi yake farkar da hankali ya riƙe shi a kan abin da mutum yake yi. A irin ciwon Baba, wurin da yake samar da shi yakan fara lalacewa tun kafin a ga rawar hannu. Ta ce idona ya ga daidai. Na ce to, amma ban ji sanyi ba.

Don a ranar sunan nan, kafin la'asar maganar ta zaga unguwa. Ba wanda ya ji ciwo, ko ɗigon jini babu, amma mata suka ce tunda 'yar cikinsa ta ƙi yarda da askarsa, wa zai yarda? Maza ma suka fara kai kawunansu kasuwa. Ina gidan har na gama wankan jego, kullum da safe ina jin shi a zaure yana wasa askarsa, ya shimfiɗa buzu, ya jera ƙahonni. Duk sallamar da aka yi sai na kasa kunne ko mai aski ne. Har na koma ɗakina ba wanda ya zo.