Masarar da Inna ta rataye saman murhu

Shekarun baya, a shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba, fara kuma ta zo ta lashe ɗan abin da ya rage, ina zaune a Kara-Kara ina koyarwa a wata lakwal. Mahaifiyata tana ƙauyenmu a wajen Garagumsa, ƙanwata kuma tana gabanta tana wankan jego, haihuwarta ta farko. Rumbun gidan an share shi har ƙasa. Abin da ya rage kawai shi ne masarar iri da Inna ke ratayewa saman murhu don hayaƙi ya kare ta daga ƙwari. Wata 'yar gajeruwar fara ce mai saurin nuna, daga hannun kakata ta gaje ta.

Sai aka kawo masarar taimako, ja, mai manyan ƙwaya. Labarinta ya riga kamiyon da ya ɗauko ta isowa. Wai an taɓa mata halitta a ɗakin bincike a ƙasar Turawa, wai tana hana haihuwa, wai ƙasar da aka shuka ta ba ta sake yin komai. A fadarmu ta shan shayi, da yake ni ne malamin lakwal, dole in sa baki. Da safe in ce camfi ne, da yamma in wani ya fi ni murya in ce lallai akwai abin dubawa. Maganar gaskiya ban san komai ba, tsorona kawai nake faɗa da Faransanci.

Da abin ya ishe ni, na tafi buro, wato ofis, na wani abokina malamin gona. Na ce ya faɗa mini tsakaninsa da Allah, a ci ko kada a ci.

Ya ce, "Tambaya biyu ka haɗa wuri guda. Ci daban, shuka daban. Ina Inna ta ajiye nata rabon?"

Na ce ban sani ba. Ya ɗauki makullin motonsa, wani ɗan babur, ya ce in hau.

Mun isa da rana tsaka. Muna yin sallama na hango saman murhu wayam. Inna tana kan tabarma da faifai, tana murje ƙwayar masarar kakata, turmi na jira a gefe.

Na ce, "Inna, iri ne fa!"

Ba ta ko ɗago ba. "Na san iri ne. Kunu zan dama wa yarinyar nan. Wannan na san uwarta, na san kakarta. Waccan baƙuwar ba za ta shiga cikin mai shayarwa ba." Ta nuna ƙulli a bakin zanenta. "Ga manyanta nan na tsince. Damina ta zo in shuka a bayan gida, ƙasa ta fara ɗanɗana. In ba ta cuci ƙasa ba, sai mu ci."

Ni dai a kunnena maganar ta yi daidai. Abokina ne ya cire takalmi ya durƙusa, ya gaishe ta, ya yi barka da jariri, sannan ya ce, "Inna, kin juya abin ne. Waccan ake ci, wannan ake shukawa."

Ya yi mata bayani a hankali. Ya ce masara ba ta zama ita kaɗai, iska ce ke kwashe ƙurar furenta ta kai wa maƙwabciya. In baƙuwar ta tsiro a ƙauyen, za ta gauraya da ta gida, kuma babu faifan da zai sake raba su. Ya ce ba ma lallai ta jure gajeriyar daminarmu ba, ga shi a lokacin an riga an shanye irin gida a kunu.

Inna ta kafe shi da ido. "To ka rantse ba ta da illa a ciki."

Ya ce, "Ba zan rantse ba, Inna. Ba mu da abin auna ta a nan, ban ma san ko wannan buhun an taɓa shi ba. Abin da na sani, inda ta fito sun daɗe suna cin irinta, ban ji ta kwantar da kowa ba. Yunwa kuwa ga ta nan a idon mai jegon nan. Kuma ita muke ci a gidana, matata kuwa watan haihuwarta ya kusa."

Wannan ta ƙarshen ce ta shige ta. Ta ce to, a niƙo, amma shi zai fara ci. Ni aka ɗora wa buhu zuwa injin niƙa, malamin lakwal guda. Har na kai ƙofa ta kira ni, ta kwance ƙullin zanenta ta juye manyan ƙwayoyin a ciki, ta kakkaɓe.

Aka tuƙa tuwo da miyar kuka. Abokina ya ci, Inna na zaune gabansa tana kallon kowace loma kamar mai jiran ya faɗi. Da ya suɗe hannu ya ce a ƙara, ta yi dariya ta ce, "Kai wannan, yunwa ce ta kawo ka ba aiki ba." Ta miƙa wa ƙanwata kwano. Masarar da ta riga ta murje ta zuba a gora da toka ta toshe, sauran ta mayar saman murhu.

Har yau ban san ko an taɓa masarar nan ko ba a taɓa ba. In ana gardamar irin wannan abinci a radiyo, masu cewa guba ce da masu cewa babu komai, abokina nake tunawa, wanda bai ji kunyar cewa bai sani ba, kuma ya sa cikinsa a gaba. Ina gode masa, godiyar da ban iya faɗa masa a fuska.

Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Jaririn nan yanzu ya fi ni tsawo. Masararta kuwa ni nake shukawa a bayan gidana, kuma duk shekara gashin farko na abokina ne. In na kai masa yakan juya ta ya ce, "Malam, an auna wannan kuwa?"

Nakan ce masa, "Ci kawai. Na san uwarta, na san kakarta."