Dunƙulen Hannun Tanti Zali

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Tanti Zali, yayar mahaifiyata, kuma har yau ba wanda ya gaji dariyarta. In ta ƙyalƙyale a Sevran, can bayan Paris, mu da ke Minguettes a gefen Lyon sai mun ƙara muryar talabijin. Ina da shekara goma sha uku ta tafi. Yanzu jarrabawar bak ta gama sakandare na jirana, gidanmu kuwa shiru kamar ɗakin jiran likita.

Tanti ƴar Damagaram ce, mai sayar da atamfa da turaren wuta. Jakunkunan da take ja cikin jirgin ƙasa na RER sun isa a buɗe kasuwa, har bayanta ya ce shi ya ajiye aiki. Likita ya ce ta shiga yoga a zauren unguwa. Kafin labarin ya iso Lyon, matan waya sun riga sun ɗiga mata jan ɗigo a goshi sun saya mata saniyar bauta. Mama ta kira ta tana kuka, tana roƙon Yaya ta tuba.

Tanti ba ta tuba ba, bincike ta tafi. Akwai wani dattijo Ba'indiye kusa da tashar jirgin Gare du Nord da take sarin turare wajensa. Ta zaunar da shi da tambaya har shayinsa ya huce. Ya ce abin daga ƙasarsu ya fito tun zamanin da ba mai iya ƙirga kakanni, kuma waɗanda suka fara shi ba rage tumbi suke nema ba. Zuciya ce suka ga tana tsalle-tsalle ba ta zama wuri guda, suka nemi yadda za su ɗaure ta da numfashi, kamar yadda ake haɗa shanun noma da karkiya. Lanƙwasa jiki kuwa don mutum ya iya dogon zama ne ba tare da gwiwa ta kai ƙara ba. Bai ɓoye mata ba cewa ga da yawa cikinsu ibada ce. Tanti ta yi godiya, ta nemi ragi a turaren, ta dawo gida ta kafa dokokinta.

Ba ta yin motsin da suke kira gaida rana. In ajin ya tashi yin haka, sai ta zauna gyaran ɗankwali. Ba ta rera abin da suke rerawa. Tabarmar robarta ba ta fuskantar alƙibla, don kada mala'iku su rikice wajen rubutu. Babbar dokar kuwa ita ce ta goshi. Akwai zaman da mutum ke durƙusawa ya kifa kai ƙasa, sak sujada. Tanti sai ta dunƙule hannu ta sa tsakanin goshinta da ƙasa. Da malamar ajin ta tambaye ta dalili, ta ce:

"Madam, goshin nan yana da Mai shi."

Malamar ta ɗauka salon Nijar ne. Kafin wata ya ƙare rabin tsofaffin Turawan Sevran sun koma kifa kai a kan dunƙule.

Duk hutu Mama na tura ni wajenta, ita kuma ta tanƙwara ni kamar sabon takalmi. Abin da ta fi ƙwarewa shi ne na ƙarshe, wanda suke kira kwanciyar gawa: rigingine, hannuwa a sake, ido a rufe. Minsharinta har tagogi ke amsawa. In na taɓa ta sai ta ce in ƙyale ta, tana koyon abin da kowa zai yi ne, gara ta riga mu iyawa. Na yi dariya lokacin. Zuciyarta ta tsaya wata safiya tana ɗaure kaya. Mama ta shiga jirgi zuwa Paris, ta tarar an lulluɓe ta a asibiti. Aka kai gawar Damagaram, Mama ba ta bi ba, don ana cikin sabunta takardar zamanta, in ta fita babu tabbacin dawowa. Har yau ba ta ga kabarin ba.

Da Tanti za ta leƙo yau, da ta sha dariya. Yoga ta shiga cikin waya, kowa da wandon da ya matse shi kamar lemu a safa, yana tsaye da kai yana kallon ko an yaba hoton. Da ta ce karkiyar nan an ɗaura ta a wuyan wayar ne. Amma da ta hau benenmu dariyar za ta yanke. Ƙanwarta Mama, wadda a da ke cika tukunya a ci har maƙwabta, ta daina sauka ƙasa. Bayanta ya ranƙwafa, numfashinta guntu-guntu, magani a jere kan firij. Ni na zama ɗan kama a gidan, ina kwaikwayon malamaina da direban bas, ita tana kallona kamar hasashen yanayi.

Tabarmar Tanti na cikin kayan da aka aiko mana. Bana na shimfiɗa ta, na yi ta naci har Mama ta durƙusa don in rabu da ita. Ba tare da na nuna mata ba, ta dunƙule hannu ta sa a ƙarƙashin goshi. Na ji numfashinta ya yi tsawo, na fara shirya walima a raina. Sai na ce saura na ƙarshe, ta kwanta rigingine ta saki hannuwa ta rufe ido. Ta daɗe tana kallon tabarmar.

"Haka na sami Yaya," ta ce.

Ta naɗe tabarmar, ta ɗora saman kabad, inda ko da kujera hannuna bai kai.

Atamfofin Tanti sun ƙare, an ba wasu ɗakinta, Turawan Sevran ma ƙila sun manta wadda ta koya musu dunƙule. Dattijon ya ce numfashi na ɗaure zuciya. Bai faɗi yadda ake yi da wadda ta tsinke ta tafi Damagaram ba. Mama ba ta sauka ƙasa har yanzu. Sai dai wani lokaci in ta sallame la'asar, takan zame daga kan darduma, ta ba alƙibla gefe, ta kifa goshi a kan dunƙulen hannunta. Bayanta na hawa yana sauka. Ban san ko yoga take yi ko kuka ba, kuma ba ni da wasan da zan yi. A bakin ƙofa nake tsayawa har ta ɗago.